AMSOSHIN TAKARDUNKU: TARIHIN TOMMY DOUGLAS, WAKILIN MANOMAN ALKAMA NA ƘASAR KANADA

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi a yankin Funtuwa. Ga abin da ya ce: "Don Allah ina so ku binciko mini, shin a tarihin duniya an taɓa yin ɗan majalisar da ya fito daga karkara, ya riƙe maganar asibiti da bashi da noma, har talaka ya gani a ƙasa? Ko kuwa ko'ina abin duk alkawari ne na lokacin zaɓe?"

To Malam, mun gode da wannan tambaya, Allah Ya saka da alheri. Amsa ita ce an taɓa yi. Za mu kai ka can ƙasar Kanada, arewa da Amurka, mu ba ka labarin wani mutum mai suna Tommy Douglas, wakilin wani ɗan gari na manoman alkama. Mun zaɓe shi ne domin abubuwan nan uku da ka lissafa su ne ya kwashe shekarunsa yana fama a kansu, kuma ya ɗauke su tamkar igiya ɗaya mai tufka uku: in ka warware ɗaya ka bar biyu, ba ka yi kome ba.

Da farko bari mu san ƙasar. Kanada tarayya ce ta larduna, kowane lardi da majalisarsa da Firimiyansa, kamar yadda aka yi a Nijeriya zamanin Jamhuriya ta Farko lokacin da Sardauna yake Firimiyan Arewa. Lardin da muke magana sunansa Saskacewan. Faɗinsa ya haura kashi biyu bisa uku na faɗin Nijeriya baki ɗaya, amma a wancan lokaci mutanensa ba su kai miliyan ɗaya ba. Fili ne fetal, ido ba ya ganin iyaka, ga sanyin hunturu mai daskarar da ruwa. Yawancin mutanen manoman alkama ne, gidan wannan ya yi nisa da gidan wancan, likita kuwa sai an yi tafiyar mil da yawa.

Shi Douglas ba ɗan lardin ba ne asali. An haife shi cikin 1904 a garin Falkirk na ƙasar Sikotlan, mahaifinsa ma'aikacin gidan narkar da ƙarfe ne. Cikin 1910 iyalin suka yi ƙaura zuwa birnin Winifeg na Kanada. Yana yaro ya kamu da wani ciwon ƙashi a ƙafa, ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har likitoci suka yanke shawarar a guntule ƙafar, domin iyayensa ba su da kuɗin ƙwararren likita. Ana cikin haka sai wani babban likitan ƙashi ya ga yaron, ya ce zai yi masa aiki kyauta in an yarda ɗalibansa su tsaya su kalla. Aka yarda, aka yi aiki, ƙafa ta tsira. Douglas ya sha faɗin cewa wannan abu bai taɓa fita ransa ba, watau a ce ƙafar yaro ta dogara ga sa'a ko ga nauyin aljihun ubansa.

Da ya tasa ya koyi aikin ɗab'i, ya kuma taɓa dambe har ya ci kambin lardin Manitoba a ajin marasa nauyi. Daga baya ya yi karatun addinin Kirista, cikin 1930 aka tura shi limancin wani coci a garin Weyburn da ke kudancin Saskacewan. Ya isa ke nan masifa ta sauka.

Masifar kuwa biyu ce ta haɗu. Ta farko, kasuwar duniya ta karye cikin 1929. Awon alkamarsu, wanda suke kira bushal, kimanin kilo 27 ne. Awon da ake sayarwa fiye da dala ɗaya da rabi cikin 1929, kafin ƙarshen 1932 ya faɗo ƙasa da santi 40. Ta biyu, fari ya kama, shekara bayan shekara. Iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana tashi da ita sama har rana ta dushe, fara ta zo ta cinye ɗan abin da ya tsira, ciwon tsatsa ya bi bayanta. Shekarar 1937 ita ta fi muni: eka guda ba ta ba da awo uku ba, ka ga ko buhu ɗaya mai kilo ɗari bai cika ba. A wannan shekara kimanin kashi biyu bisa uku na mutanen karkarar lardin da taimakon gwamnati suka rayu. Waɗanda suka sayi mota lokacin wadata suka rasa kuɗin mai, sai su cire injin su ɗaura wa motar dawaki. Suka laƙaba wa irin wannan keke sunan Firayim Ministan lokacin, Bennett, don ba'a.

Yanzu ga inda bashi ya shigo. Lokacin da alkama take da daraja, manoma sun ci bashin bankuna da kamfanonin jingina, sun sayi ƙarin gona da tarakta, sun jinginar da gonakinsu. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma farashi ya faɗi, ruwan sama ya ɗauke, kuɗin ruwan bashin kuwa bai san da fari ba, kullum hawa yake. Manomi ya ci bashin iri, ya ci bashin haraji, ya ci bashin mai kanti. In ciwo ya shigo gida, shi ke nan, ƙarshen tika-tiki tik: ko a sayar da saniyar da ta rage, ko a bar maras lafiya a kwance. Likitocin karkara su ma abin ya shafe su, wasu da kaji da ƙwai ake biyansu, wasu suka tattara suka koma birni. Douglas a matsayinsa na limami shi ke zuwa jana'iza, ya kuma ba da labarin yadda ya binne mutanen da ciwonsu bai fi ƙarfin likita ba, rashin kuɗi da nisan asibiti kawai suka kashe su.

Sai dai a nan akwai abin da ya kamata mai tambaya ya lura da shi sosai. Manoman nan ba su zauna jiran wani ya zo ya cece su ba. Tun cikin 1915 wata ƙaramar hukumar karkara mai suna Sarnia ta ga likitansu zai gudu saboda rashin biya, sai suka yanka masa albashi daga kuɗin haraji, dala 1,500 a shekara, don ya zauna. Wasu ƙananan hukumomi suka kwaikwaya. Garuruwa suka riƙa haɗa kuɗi suna gina asibiti na tarayya. Cikin 1924 manoma suka kafa babbar ƙungiyar gama kai ta sayar da alkama, don kada dillalai su riƙa yi musu farashin wulaƙanci da kaka. Cikin 1929 lardin ya mai da maganin tarin fuka kyauta. Ashe ka ga Douglas ya tarar da gona an riga an yi mata sharar fage. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ganin wa'azi da rabon tsofaffin tufafi ba za su kashe wannan wuta ba, sai ya shiga siyasa. Ya shiga wata sabuwar jam'iyya ta manoma da ma'aikata da ake kira CCF, wadda aka kafa cikin 1932. Ya tsaya takarar majalisar lardi cikin 1934, ya sha ƙasa. Cikin 1935 ya tsaya ta Majalisar Wakilai ta tarayya a mazaɓar Weyburn, ya ci, ya tafi Otawa babban birnin ƙasar. Shekara tara ya yi a can yana bangaren adawa, maganarsa ba ta wuce farashin alkama, da bashin manoma, da halin marasa lafiya ba. Mutum ne ɗan ƙarami mai barkwanci. Ya shahara da wata tatsuniya ta ƙasar ɓeraye, inda ɓeraye kan yi zaɓe su ɗora baƙaƙen kyanwoyi, in sun sha wuya su sauya su da farare, har ran da wani ɗan ɓera ya kawo shawarar a gwada zaɓen ɓera.

Amma ya gane cewa ɗan adawa bakinsa kawai gare shi. Saboda haka ya koma gida ya jagoranci jam'iyyarsa a zaɓen lardi. Ran 15 ga watan Yuni 1944 suka lashe kujeru 47 daga cikin 52, ya zama Firimiya. Ya riƙe wannan kujera shekara 17, ya ci zaɓe sau biyar a jere. A shekarun farko shi da kansa ya riƙe ma'aikatar lafiya.

Abin da ya fara taɓawa shi ne gona. Cikin 1944 ɗin majalisa ta yi dokar kare gonar manomi. Dokar ta ce mai bin bashin jingina ba shi da ikon korar manomi daga yankin gonar da gidansa yake ciki, watau eka 160, kimanin hekta 65. Wani sashen dokar kuma ya ce a shekarar da amfanin gona ya lalace, a ɗage biyan uwar kuɗi, a kuma rage ta daidai da kuɗin ruwan wannan shekara. Hujjarsu ita ce, tun da mai ba da bashi yana cin riba a shekarar albarka, to ya ɗauki rabonsa na hasara a shekarar fari. Kamfanonin jingina suka ce ba su san zancen ba. Magana ta kai Kotun Ƙoli ta Kanada cikin 1947, daga nan ta wuce kotun ɗaukaka ƙara ta Landan, duka suka soke wannan sashe, suka ce maganar kuɗin ruwa hurumin gwamnatin tarayya ne. Sashen hana korar manomi daga gidansa dai ya tsaya.

Sai maganar lafiya, wadda ya bi ta mataki mataki. Ya gayyato wani shehin malami daga jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Dokta Henry Sigerist, ya zagaya lardin ya ba da shawara. Aka fara da waɗanda suka fi rauni: tsofaffi masu karɓar fansho, da makafi, da iyaye mata masu riƙon marayu, gwamnati ta ɗauki nauyin jinyarsu. Aka ɗauke wa jama'a kuɗin maganin ciwon daji da na taɓin hankali. Cikin 1946 aka samar da jirgin sama na ɗaukar marasa lafiya daga ƙauyuka masu nisa. A wannan shekara kuma yankin Swift Current ya fara gwajin biyan likitoci daga asusun jama'a, don a ga ko abin zai yiwu kafin a bazu da shi.

Ran 1 ga watan Janairu 1947 aka fara inshorar asibiti ta kowa da kowa, irinta ta farko a duk nahiyar Amurka ta Arewa. Ga yadda take: kowane mutum zai biya dala 5 a shekara, iyali kome yawansu ba za su wuce dala 30 ba. Ragowar kuɗin daga baitulmali da harajin saye da sayarwa. Wanda ya kwanta asibiti, ko kwana nawa ya yi, ba mai miƙo masa takardar biya. To ka ji, ba kyauta ba ce daga sama, adashi ne babba: kowa ya zuba kaɗan yana da lafiya, wanda ciwo ya faɗa wa shi ke ɗauka.

A nan wani zai ce, to me ya hana shi haɗawa da kuɗin ganin likita tun a lokacin? Amsar ita ce bashi, amma wannan karo na gwamnati. Sa'ad da suka hau mulki lardin yana ɗauke da bashi mai yawan gaske ga mutanen da ba su kai miliyan ba. Douglas da ma'ajinsa Clarence Fines suna da ra'ayin cewa gwamnatin da ke hannun masu banki ba ta da bakin yi wa talaka aiki, kamar dai manomin da ya jinginar da gonarsa. Saboda haka shekara bayan shekara suka riƙa yin kasafin kuɗi ba giɓi, suna rage bashin. Ba su fara wani shiri ba sai sun ga inda kuɗinsa zai fito. Sun ci sa'a kuma, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu damina ta gyaru, alkama ta yi daraja, aka kuma samu man fetur da ma'adinai a lardin. Da wannan rara aka shimfiɗa hanyoyin karkara, aka kai wutar lantarki gonaki. Cikin 1944 gidajen gona kimanin 300 kaɗai ke da wuta, zuwa 1964 sun kai kimanin 65,000.

Shekara goma sha biyar cur aka yi tsakanin inshorar asibiti da ta likita. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne cikin 1957 gwamnatin tarayya ta yi dokar raba nauyin kuɗin asibiti da larduna, kuɗin Saskacewan suka sami sarari. A watan Disamba 1959 Douglas ya shiga gidan rediyo ya sanar cewa lokaci ya yi da za a haɗa da kuɗin likita. Ƙungiyar likitoci ta ce sam, wai gwamnati za ta mai da su ma'aikatanta, ta shiga tsakaninsu da marasa lafiyarsu. Aka yi zaɓen 1960 a kan wannan batu, Douglas ya sake ci. Cikin 1961 ya bar kujerar Firimiya ya tafi shugabancin sabuwar jam'iyyar NDP ta ƙasa baki ɗaya, wanda ya gaje shi, Woodrow Lloyd, shi ya sha zafin rigimar.

Ran 1 ga watan Yuli 1962, ranar da doka ta fara aiki, yawancin likitocin lardin suka rufe ɗakunan duba marasa lafiya, suka shiga yajin aiki. Hankalin jama'a ya tashi, musamman mata masu ciki da masu ƙananan yara, gari ya rabu biyu. Gwamnati ta ɗauko likitoci daga Ingila, jama'a kuma a wasu garuruwa suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗakunan shan magani nasu na kansu. Kwana 23 ana wannan ja-in-ja, sa'an nan wani likita ɗan majalisar dattawan Ingila, Lord Taylor, ya shiga tsakani aka sasanta a birnin Saskatun. Likita ya ci gaba da zama mai cin gashin kansa, amma asusun jama'a ne ke biyan kuɗin. Shi Douglas kuwa, ana saura kwanaki kaɗan a fara yajin, ya faɗi zaɓen majalisar tarayya a birnin Rijaina, hedkwatar lardin da ya mulka shekara 17. Cikin 1964 jam'iyyarsa ta rasa mulkin lardin. Amma waɗanda suka karɓa ba su iya soke shirin ba, domin talaka ya riga ya ɗanɗana.

Daga nan abin ya bazu. Wani kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Emmett Hall ya ba da shawara cikin 1964 cewa ƙasa duka ta bi sawun Saskacewan. Majalisar tarayya ta yi doka cikin 1966, kafin ƙarshen 1972 duk sassan Kanada sun shiga. Douglas ya rasu ran 24 ga watan Fabrairu 1986. Cikin 2004 gidan talabijin na ƙasar, CBC, ya nemi jama'a su zaɓi ɗan Kanada mafi girma a tarihi, shi suka zaɓa.

Kada mu ba ka zuma mu ɓoye harbin. Mutumin nan ɗan Adam ne. Cikin 1933 ya rubuta kundin digiri inda ya goyi bayan hana wasu masu naƙasar ƙwaƙwalwa haihuwa, mummunan ra'ayin da ya yi tashe a Turai da Amurka a lokacin, ko da yake da ya hau mulki bai aiwatar da shi ba. Wasu masana'antun da gwamnatinsa ta kafa, irin su na takalma da na jima da na saƙar ulu, hasara suka yi aka rufe. Dokar kare gona kuma ba ta hana ƙananan manoma ƙarewa ba: gonakin lardin sun kai kimanin 140,000 a shekarun 1930, amma a ƙidayar 2021 ba su wuce kimanin 34,000 ba, manya sun haɗiye ƙanana, matasa sun koma birni. Har yau kuma mutanen Kanada na kukan dogon jira kafin a yi wa mutum tiyata, da ƙarancin likitoci a karkara.

Abin da ya fi kome gaskata tsoron da Douglas yake yi wa bashi ya faru ne shekaru da yawa bayan ya bar mulkin lardin. Tsakanin 1982 da 1991 gwamnatin da ta mulki lardin ta yi ta kasafi mai giɓi, bashi ya taru har ya kai biliyoyin daloli. Da magadan jam'iyyar Douglas suka dawo mulki suka tarar da baitulmali a rame, cikin 1993 sai ga shi su da kansu sun rufe sashen kwantar da marasa lafiya a ƙananan asibitocin karkara har 52. Bashin da aka ci a birni, mutumin ƙauye ne ya biya shi da gadon asibitinsa.

To Malam, ga amsar tambayarka. Kanada dabam, ƙasarmu dabam, yawan jama'a da arzikinmu ba ɗaya ba ne, ba kuma cewa muke a ɗauko tsarinsu a dasa shi yadda yake ba. Amma akwai abin auna ɗan takara a cikin labarin nan. In ya zo ƙofar gidanka ya ce zai gina asibiti, tambaye shi wa zai biya albashin likita da kuɗin magani bayan an yanke ƙyalle, kuma daga wane aljihu. In ya ce zai kawo rancen noma, tambaye shi yaya za a yi da kai a shekarar da ruwa ya ɗauke ko ambaliya ta ci gona. In ya ce gwamnati za ta ciyo bashi, tambaye shi me za a yi da shi, wa zai biya, cikin shekara nawa. Wanda ya iya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, ya san aikin da yake nema.

Ku kuma manoma da 'yan kasuwa, ku tuna cewa kafin Douglas ya shiga majalisa, manoman Saskacewan sun yi shekara ashirin suna biyan likitansu da harajinsu, sun yi fiye da goma suna sayar da alkamarsu a ƙungiyance. Wakilin ya yi nauyi ne domin akwai jama'a a haɗe a bayansa, masu sanin abin da suke so, masu iya sauke shi in ya kauce.

Nan muka kawo ƙarshen amsar wannan mako. Mai tambaya muna fatan ka gamsu. Sauran waɗanda takardunsu ke hannunmu su ƙara haƙuri, layi na zuwa kansu in Allah Ya yarda. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raba mu da ciwo da bashin da ya fi ƙarfinmu. Wassalam.